Shekarar da Soja Ya Kori Ruwa daga Gona

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauka sau biyu a farkon damina, kowa ya kwashi iri ya zuba a ƙasa, sannan ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. Daga ƙofar gidan ɗana a nan Ajingi ina hango gonakin bayan gari, geron duk ya murɗe ganye ya yi fari-fari. Jikokina kuwa kowa ya duƙufa a kan waya, wai a ciki ake faɗar ranar da za a yi ruwa. Shekaranjiya suka ce jiya, jiya suka ce yau. Na ce musu in wayar ta zubo da shi su tara mini a buta in yi alwala.

In zafi ya dafa ni haka, ba abin da yake faɗo mini a rai sai shekarar farin nan ta bayan yaƙin basasa, da mutumin da na aura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, in na tuna abin da ya yi mana a gona a shekarar nan sai in ji haushin ya dawo mini sabo.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Malam nake ce masa. Mahaifiyarsa, Iya, Auta take cewa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinta. Mutanen gari kuwa tun da ya dawo suka liƙa masa Soja, da shi aka kai shi kabari.

Daga Kademi aka kawo ni ƙauyensu, can wajen Balan, bayan an gama girbi. Lallen hannuna bai gama gogewa ba ya ce zai je Kano cin rani kamar sauran samari, ya dawo kafin shuka. Shamuwa ta dawo, ruwa ya sauka, ba Malam ba labarinsa. Sai wani mai jakai da ya dawo daga birni ya tsaya a ƙofar gida, ya miƙo bargonsa da 'yar butarsa, ya ce mai kayan nan ya bi layin masu shiga soja, an zuba su a mota an yi Zariya da su. Ko sallama babu. Daga baya na tambayi Malam dalili, ya ce ai layi ya gani, abokinsa na ciki, kuma aka ce ana ba da takalmi. Takalmi! A kan takalmi ya bar amarya da tsohuwa da gonar gandu.

Haka muka zauna ni da Iya, muna cin tuwon gandu a hannun babansu da wansa, Yaya Haladu. Rediyo guda ce a garin, a ƙofar gidan mai unguwa, maza ne ke saurare. Kafin labari ya iso cikin gida ya bi baki da yawa, an ci garin da ba a ci ba, an kashe wanda bai mutu ba. Iya ta rame ta yi wuya. Ni kuwa kullum ina tsakanin yi masa addu'a da tanadin maganar da zan gaya masa in ya dawo.

Wata ranar kasuwar Ajingi, bayan an gama yaƙi da 'yan watanni, motar Kano ta sauke shi. Farabiti ya tafi, wato ƙaramin soja, farabiti ya dawo, ko igiya ɗaya babu a hannun rigarsa. Likitan soja ya ce ƙafarsa ba ta ƙara fareti, aka sallame shi. Ya zo da akwatin ƙarfe, da takalmin nan da ya bar mu a kansa, da wani ɗan guntun shebur mai lanƙwashewa wanda yake kwana da shi a gindin gado. Da ya cire takalmin na ga ƙafar, duk maganar da na tanada ta maƙale. Farce babu ko ɗaya. Tsakanin yatsun fari fat, a tsattsage, kamar rogon da aka jiƙa aka manta. Safe da yamma sai ya zauna ya goge su da tsumma, ya barbaɗa musu toka mai laushi.

Maza suka yi ta zuwa da yamma suna zama a gindin tsamiyar ƙofar gida, suna son labarin bindiga. Ni ina jin su ta bayan danga.

"Soja, wai da gaske ne igwa tana tashin gida guda?"

"Tana tashi," in ji shi. "Amma ku ba ku san ruwa ba."

"To kai ka harbi mutum nawa?"

"Can ƙasar, in ruwa ya fara ranar Juma'a, sai wata Juma'ar ta same shi bai gaji ba."

Wai sojan ƙasa aikinsa biyu ne, tafiya da haƙa. Ka ɗauki akwatin harsashi a ka, ka yi ta ratsa kurmi, inda aka ce tsaya ka haƙa rami ka shiga. Kafin ka gama haƙawa ruwa ya cika shi. A ciki za ka ci garin kwaki, a ciki za ka yi salla da ido, matsattsaku na shan jininka, safa na ruɓewa a ƙafarka. Da ka fara sabawa da ramin a ce tashi, a yi gaba, a sake haƙa wani. Ya ce shi dai shebur ɗinsa ya fi bindigarsa ganin yaƙi. Bayan 'yan kwanaki maza suka gaji suka koma dararsu. An zo neman labarin yaƙi, an samu labarin damina.

Sai ya fara haƙa a gida. Ya zagaye ɗakina da lambatu, na ce madalla, gindin bango zai huta. Ya zagaye ɗakin Iya. Ya zagaye rumbu, ya zagaye turken awaki, ya ja wani daga bakin murhu har waje. Tsakar gidanmu ta koma ba a ratsa ta sai da tsalle. Ɗan akuya ya faɗa ya karye. Ni na faɗa da tulu. Iya ta faɗa da ƙwaryar hatsi, ta zauna a cikin ramin tana tsintar gero tana cewa, "Auta, ni mutum na haifa ko gafiya?" Shi kuwa ko a jikinsa. In hadari ya haɗu zai bi ramukan nan yana share su, da ɗigon farko ya shige ɗaki, ya sa takalmi, ya hau gado ya naɗe ƙafa, ba ya saukowa sai ƙasa ta tsane. Ɗan manomi jikan manomi, yana gudun ruwa kamar akuya.

Muddin babansu na raye abin bai wuce gida ba, don tsohon ba ya barin shebur ya leƙa gona. Da Allah ya karɓi ransa aka raba gandu, Malam ya samu gonar tudu mai gangarowa, Yaya Haladu ya samu ta ƙasa da ita. Ranar nan na san mun shiga uku, don yanzu ba mai ce masa bari.

Kowa a ƙasarmu ya san yadda ake yi. Ƙasar rairayi ce, ruwa kuma ba ya zama sai an tare shi. Ana jan kunya a gicciye da gangare, a yi shuka a kwarin kunya inda danshi yake daɗewa. Malam ya shafe bazara guda yana yin akasin haka. Ya tara ƙasa tsibi-tsibi irin na masu doya da ya gani a kudu, ya ce a bisa kan tsibin za a shuka. Sannan ya tsaga gonar biyu da wani rami mai kai wa mutum cinya, miƙe sak tun daga gindin gawon da ke sama har ƙasa, inda ya ratsa ta tsakanin wani suri da wani tsohon kututture ya fita. In ba ka san noma ba sai ka yaba aikin, don bangon ramin a daidaice yake kamar na magini.

Yaya Haladu ya zo ya tsaya a baki ya leƙa.

"Kai Soja, wa za a binne a nan?"

"Hanyar ruwa ce, Yaya. In ya kwanta saiwa ruɓewa take."

"A ina ka taɓa ganin ruwa ya kwanta a jigawar nan tun da Iya ta haife ka?"

"Ba ku gan shi ba ne kawai. Zai zo."

Bazarar shekarar nan ban ga irinta ba. Daminar da ta gabace ta ma ba ta yi abin kirki ba. Da, in Malam ya hau rumbu daga baki yake zaro dami. Yanzu sai ya dira ciki gaba ɗaya, in ya yi magana muryarsa ta amsa kuwwa. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu, kunun ya koma ruwan da gero ya ratsa ta ciki ya wuce. Dusar da muke ba awaki muka dawo muna tankaɗe ta. Ƙanzon da Iya take tarawa a tukunya muna yi mata dariya, shi muka jiƙa da gishiri da barkono. Muka ci zogale, muka ci yaɗiya, muka tsotsi aduwa har ciki ya ɗauki ƙugi. Rijiya ta gudu ƙasa, muka ƙara igiya, muka sake ƙarawa da tsohon zane, guga ya fito rabi ruwa rabi laka. Fulani suka yi ta gangarowa daga arewa da shanun da ƙashi kawai ya rage musu, wata in ta durƙusa a hanya a nan za a yanka ta. Da rana tsaka ko kaza ba ta motsi. Ina goyon wannan ɗan da nake zaune a gidansa yanzu, nono ya ja baya, yaro ya tsotsa ya saki ya kalle ni.

Ruwan farko ya makara, amma da ya zo ya zo da gaske. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, har awaki suka yi ta ɗaga hanci. Washegari tun da asuba kowa ya fita, maza da mata. Malam na gaba da sungumi yana sara a kan tsibi, ina binsa ina zuba iri ina rufewa da diddige ina ƙunƙuni. Na sa yatsa a tsibin, danshin bai kai gaɓa biyu ba. Na leƙa ramin, ga sawun ruwa nan ya wanke shi tas ya wuce. Gonar Yaya Haladu kuwa ta yi baƙi wuluk, har ƙafa na nutsewa. Ya ɗago mana hannu daga can.

"Soja, saƙo ya iso! Allah ya saka da alheri. In ka samu wani ka ƙara aiko mini."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam kuwa sai ya amsa da "Amin, Yaya," ya ci gaba da sara.

Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke. Namu ne ya fara mutuwa a duk garin, don a kan tsibi yake zaune rana na gasa shi ta kowane gefe. Na goya yaro na taka har Kademi, na durƙusa gaban babana na ce iri nake nema. Bai tambaye ni ina namu ya tafi ba, ya auno mini daga nasa. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Aka yi wani ɗan yayyafi muka sake shukawa, kuma a kan tsibin nan dai, don Malam ya ce laifin sama ne ba na tsibi ba. Wannan ko tsayin yatsa bai yi ba ya bi ɗan'uwansa.

Aka fita roƙon ruwa a filin idi, maza suka juya riguna, tsofaffi suna kuka. Malam ma ya je, ya roƙa tare da kowa. Na ce a raina, Allah ka ji mutumin nan, da baki yana kiran ruwa, da shebur yana nuna masa hanyar fita. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi cida, iska ta kwashe shi ta kai wa wasu.

Iri ya ƙare a garin. Wanda ya rage masa ya ci, wanda bai ci ba ya ɓoye. A gidanmu saura na Iya kawai, a cikin wata gora da ta cakuɗa da toka ta liƙe bakinta da laka ta rataye a ɗakinta. Duk yunwar da muka sha ba ta bari an taɓa shi ba. Ko ranar da jiri ya kayar da ita a bakin turmi, da na kalli gorar sai ta ce in na ƙara kallonta za ta tsone mini ido. Kuma lokaci yana tafiya. Gero yana da ranar da in ta wuce, ko ka shuka kara kawai za ka girba. In wannan gorar ta bi sauran, ba mu da abin ci a kaka, ba mu da abin shukawa baɗi, sai dai mu ɗaure kaya mu bi hanyar birni kamar yadda wasu gidaje suka fara.

Iya ta kira Malam ta zaunar da shi.

"Auta, ka ga gorar nan? Irin uwata ne. Ba zan ba mai korar ruwa ba. Ka baje tulin ƙasar nan, ka ja kunya irin ta mutane, ka cike kabarin nan da ka haƙa. In ka yi, mu yi binne mu jira Allah."

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. In ruwa mai ƙarfi ya zo ya zauna, ka riga kowa. In ya ɗan jiƙa shi ya wuce, iri ya kumbura ya ruɓe, ka yi biyu babu.

Ya ce to. Tsibin kam ya baje shi, ba musu. Ya ja kunya a gicciye, ni da shi muka yi binnen, Iya na zaune a gindin gawo da yaro tana bin kowace ƙwaya da ido. Ramin kuwa ya ce a bar masa, aikin mutum ɗaya ne. Gayya ba ta yiwuwa a shekarar nan, don ba mai abin ciyar da 'yan gayya. Kullum da safe sai ya ɗauki shebur ya fita, ya dawo da hantsi gwiwa duk rairayi. In na tambaya ya ce ana kai.

Wata safiya na ce bari in kai masa ɗan kunu in ga inda aka kai. Na same shi tsaye a cikin ramin, yana gyara masa bango. Ko cokali ɗaya na ƙasa bai koma ciki ba. Inda iska ta zubo da rairayi ma ya kwashe.

Na ajiye ƙwaryar don kada in jefe shi da ita.

"Malam, wannan shi ne cikewar?"

Ya ci gaba da gyaran bangon.

"Ɗanka na tsotsar fata! Tsohuwa ta ba ka abin da ta hana cikinta! Ni na je na zubar da mutuncina a gidan ubana! Kai kana nan kana yi wa rami kwalliya?"

"Hanne," in ji shi, bai ko ɗago ba, "kullum da niyyar cikewa nake zuwa. Hannuna ne yake ƙi."

"To nawa ba ya ƙi."

Na fizgi fartanya na fara turo ƙasa. Amma ramin da ƙato ya yi bazara guda yana haƙawa, mace mai goyo da ruwan kunu a ciki ba ta cike shi a hantsi ɗaya. Kafin rana ta take na fara ganin gawon bibbiyu. Yaya Haladu ya tafi Gaya neman hatsi, ba wanda zan kira. Na koma gida ina haki, shi ma ya biyo ni.

Da la'asar hadari ya taso kamar kullum, ba wanda ya kula. Sai iska ta tsaya cik. Sai ta juyo da sanyi. Ɗigon farko ya faɗi a kan faifan da ke hannuna, mai girma kamar gyaɗa. Malam ya shige ɗaki, na ji shi yana ɗaura takalmi.

Na miƙa wa Iya yaro, na ɗauki fartanya, na yaye zana guda daga dangar bayan gida na aza a ka, na fita da gudu. Kafin in kai gona ruwa yake kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a gindin gawo na duba. Kunyoyin sun tare ruwa yadda ya kamata, amma kowane kwari bakinsa a ramin yake ƙarewa. Duk suna juye masa, shi kuma yana ɗauka yana gudu da shi, ja wur da ƙasa. Kunyoyin da ke kusa da bakinsa har sun fara zaizayewa da irin da ke cikinsu.

Na gangara inda ramin ya ƙuntata tsakanin suri da kututture, na kafa zanar, na fara turo ƙasa. In na zuba, ruwa ya kwashe. Zanar ta lanƙwashe ta kwanta. Na tashe ta, ta sake kwanciya. Ina kuka ina zagi, ban san ma wa nake zagi ba, ruwan ko mai ramin.

Sai na ga mutum tsaye a kaina da takalmin soja. Ya jiƙe sharkaf, leɓensa na rawa. Ya zuba shebur biyu, ya ga abin da ruwa ya yi da su. Ya tsaya yana kallon ramin, ni ina kallonsa, har na buɗe baki zan ce in kallo ya zo yi ya koma gado. Sai ya jefar da shebur, ya dira ciki, ya tashi zanar ya jingina ta a bayansa, ya zauna daɓas a cikin ramin yana fuskantar ruwan. Kafaɗa ɗaya ta tokari suri, ɗaya ta tokari kututture.

"Zuba a bayana!" in ji shi. "Zuba!"

Na yi ta zubawa. Ƙasa, kara, ƙaya, ɓaraguzan suri, duk abin da hannuna ya kai. Ruwan ya daki cikinsa ya tsaya, ya hau ƙirjinsa, ya kai masa wuya. Ya ɗaga haɓa sama, ya runtse ido, jikinsa duk yana kaɗawa. Aka yi wata tsawa, sai na ji yana magana, ba da ni ba.

"Bitrus, ɗaga kanka. Ɗaga kanka, na riƙe ka. Kada ka sha."

Ban san wani Bitrus ba. Ban tsaya tambaya ba, na ci gaba da zuba ƙasa. Ramin ya cika ya batse, ruwan ya rasa hanya, ya koma da baya yana bin kwarin kunya ɗaya bayan ɗaya. Gonarmu ta kwanta da ruwa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka ba mu ita.

Ruwan bai tsagaita ba sai gab da magariba. Malam na nan zaune cikin laka, ido a rufe.

"Ya tsaya?" ya tambaye ni.

"Ya tsaya."

"To ɗaga ni. Ƙafafun ba sa ji."

Na kama shi na ja, muka zube a gefe tare. A nan, yana matse riga, ya ba ni labarin da ya hana mazan gindin tsamiya. Bitrus abokin raminsa ne, mutumin Jos, tun Zariya suke tare. Wata rana ana ruwa, ana kuma luguden wuta a kansu, ba mai iya ɗaga kai sama da bakin rami, wani ƙarfe ya sami Bitrus a ƙugu, ya kasa zama. Ruwa na taruwa a ramin. Malam ya tallafe masa haɓa tun hantsi har la'asar.

"Sai hannuna ya mutu," in ji shi. "Ba ƙarfen ne ya kashe shi ba, Hanne. Ruwa ne, wanda bai ko kai gwiwa ba. Da na yi wa ramin hanya tun farko, da ya fita."

Tausayinsa ya kama ni. Amma haushin ma bai tafi ko'ina ba.

"Shekara nawa muna faɗawa ramukanka, me ya hana ka faɗa?"

"Ai ba ki tambaya ba."

Ku ji fa. Na kama hannunsa na kai shi gida kafin in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Ya kwana biyu da zazzaɓi, ƙafar ta sake tsagewa, Iya na gasa masa ita tana yi masa faɗa. Ni kuwa hankalina na gona. Ko ruwan ya ratsa yadda ya kamata? Ko ya yi yawa ya kwashe irin? Ko tururuwa sun riga ruwan? Na hana kaina zuwa, don in na je na ga babu ban san me zan dawo in ce wa tsohuwar nan ba.

Ranar da ya iya taka ƙafa ya ce mu je. Muka fita da sassafe, yana ɗingishi da sanda, ni da fartanya a kafaɗa. Tun daga gindin gawo na hango shi. Layi-layi a kwarin kunya, siriri kamar allura, kore shar, raɓa na reto a bakinsa. Wajen bakin ramin ya yi giɓi, amma sauran duk ya fito. Geron nan shi muka girba da kaka. Bai cika rumbu ba, amma ba mu ɗaure kaya ba.

Malam ya shiga gonar a hankali, ya durƙusa, ya sa yatsa a ƙasa har ya nutse. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni da gaskiyarsa, kamar wanda ya zo da sabon labari daga birni.

"Hanne, ashe ruwan nan in ya kwanta ma yana da amfani."

Na ɗaga fartanyar. Wallahi na ɗaga ta. Sai na ga hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a ƙasa.

Na sauke, na ce masa ya matsa, yana taka mini shuka.